Dogo Biyu, Gajere Ɗaya

Kpangalam, Sokodé
12 ga Satumba, 2023

Zuwa ga Gwaggo Azara,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ke da Memounatou mai kula da ke da mutanen gida duka. Yaya ƙafar? Mu nan lafiya lau, sai haƙuri. Ni ce Rahinatou, matar ɗanki Wahabu. Ki yafe mini da na rubuta sunansa, sau biyu kawai muka haɗu da ke, ina tsoron kada ki rasa gane mai magana.

An yi sadakar arba'in ranar Laraba da ta wuce. Mutane sun zo sosai, har telolin kasuwa sun rufe shagunansu. Geron da kika aiko ya iso, Allah ya saka da alheri.

Na san waya ba ta yi miki saboda kunne, kuma abin da nake so ki gani ba ya shiga waya. Shi ya sa na ba Awudu direba wannan takarda, tunda kamiyonsa, babbar motar kayan nan, na bi ta Dapaong in zai je Cinkassé.

Da aka raba kaya, keken ɗinki ya tafi wurin ƙaninsa, shago ya koma ga mai shi. Ni abin da na roƙa shi ne wani bargo da na samu a ƙasan akwatinsa, bai gama ba. Fuskar bargon ƙyallaye ne na kayan da ya ɗinka mana tun farko. Akwai atamfar aurenmu, akwai shaddar da na sa ranar sunan 'yarmu Khairiya, akwai yadin rigarsa ta Juma'a. A tsakiya ya shimfiɗa tsohon zanen saƙi, bayan kuma farin yadi ne. Ya haɗa ukun da wani jan zare, nan ya tsaya. Ban san yana yi ba. Ina takaba, ba inda zan je, ina so in ƙarasa shi da hannuna kafin in fita.

Gwaggo, ga abin da ke cin raina. Kin san hannun ɗanki, ke kika koya masa. In ya yi kalmasa sai mutum ya kawo ido kusa kafin ya ga zare. Amma wannan jan ɗinkin, kowane tsalle ya kai tsawon yatsa, kuma layin bai miƙe ba, yana ta yawo kamar hanyar tururuwa. Likita ya ce mini irin hawan jinin da ya kayar da shi yakan fara da mutuwar hannu. Sai nake ganin hannunsa ya daɗe da lalacewa yana ɓoye mini, ni kuma kullum ina ajiye masa abinci a gaba ban lura ba. Da na lura, da na ja shi asibiti. Duk lokacin da na buɗe bargon, abin da nake gani ke nan.

Shekara ashirin da huɗu ina auren tela, ban iya komai ba sai sa maɓalli. Na liƙa miki zare huɗu a ƙasan takarda. Farin na kekensa ne. Baƙin na kitso ne, shi nake da shi da yawa. Mai ƙyallin maƙwabciyata Amariya ta sayo mini wurin masu gyaran takalmi, ta ce ko saniya na ɗaure da shi ba za ta tsinka ba. Jan kuwa na yanko daga bakin bargon ne. Wanne zan bi? So nake in bi kan jan ɗinkin in rufe shi, kada wani ya gani ya ce haka ya ƙare. Bargon kuma yana warin man keke, ina tunanin wanke shi.

Ki gaida kowa.

'Yarki,
Rahinatou


Dapaong
16 ga Satumba, 2023

'Yata Rahinatou,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso. Ƙafa tana nan yadda kika san ta, ita da damina ba sa shiri. Memounatou ce ke rubuta mini, na ce mata ta sa magana yadda na faɗe ta, kada ta gyara mini baki. Allah ya jiƙan Wahabu, ya ba ki haƙuri. Kuma ki daina cewa ba zan gane ki ba. Ke ce kika zuba mini yaji a kunu ranar sunan Khairiya kina zaton sukari ne.

Kafin komai: kada ki jiƙa bargon nan. Ko ɗigon ruwa kada ya taɓa shi. Na sa jan zarenki a baki na goga a gefen takardar nan, duba wurin ki ga yadda ya bar ja. Zuba yake yi. In kika tsoma shi a ruwa, farin bayan nan zai koma kamar an yanka kaza a kai, kuma ba sabulun da zai fitar.

Yanzu zarenki. Na kitso ki mayar da shi kanki. Na Amariya kuwa, ki gaishe ta, ki ce bargo ba saniya ba ne. Na kai bakinsa wuta, ya narke ya dunƙule, roba ce zalla. Tsohon yadi ba ya son zaren da ya fi shi ƙarfi. Atamfar da ta sha wanki shekara ashirin ta yi laushi, in kika ja wannan a jikinta yanka ta zai yi kamar reza. Gara zare ya tsinke a sake ɗinki, da yadi ya yage. Farin na keke ba laifi, amma an yi shi don keke ne, a hannu yana murɗewa yana ƙulla kansa, kuma fari zai yi ta ihu a kan shadda mai duhu. Zaren auduga kike bukata, wanda in kika ƙona shi sai ya zama toka. Ki dakata, zan nemo miki.

Sai maganar da ta fi. Kin sa ni kuka, kin kuma sa ni dariya. Wannan jan ɗinkin ba ɗinki ba ne, riƙo ne. Ana yin sa don yadi ukun su zauna wuri ɗaya kafin a yi na gaske, daga baya a zare shi a fitar. Ja ake sawa don ido ya gan shi. Yawon da yake yi kuwa da gangan ne, in layi ya miƙe sai na tsakiya ya zame ya tattare.

Ba na so ki yarda don ni na faɗa. Ki shimfiɗa bargon a haske ki ƙirga tsallen. A gidanmu haka muke yi tun kakata: dogo biyu, gajere ɗaya, dogo biyu, gajere ɗaya. Gajeren shi ke cije yadi. Wahabu ya sha rankwashi a kan wannan shekarar da ya zauna wurina. Hannun da ya mutu ba ya iya riƙe wannan ƙirgen, sai ya rikice. Ki ƙirga ki gaya mini abin da kika samu.

Zan ba Awudu takardar nan yau da zai wuce Cinkassé, ya ce jibi zai juyo.

Gwaggonki,
Azara


Kpangalam, Sokodé
4 ga Oktoba, 2023

Gwaggo Azara,

Assalamu alaikum. Ina fatan lafiya ce ta sa na ji shiru. Yau kwana ashirin da biyu da na aiko miki takarda. Duk sallamar da aka yi a zaure sai in ɗaga kai. An ce Awudu bai dawo ba, wasu kuma sun ce sun gan shi.

In na yi laifi ki yafe mini. Wataƙila bai kamata in rubuta miki maganar hannunsa ba, ke da kika koya masa. Ko kuma kina ganin wadda ba ta iya allura ba bai dace ta taɓa aikinsa ba. In haka ne, gaskiyarki ce, don ga abin da na yi.

Na gaji da jira. Amariya ta shigo ta same ni zaune da bargon a cinya, ta ce, "Ke za ki zauna kina kallonsa har ki fita takaba? Dapaong ce za ta riƙe miki allurar?" Ta sa mini zarenta a allura, na fara daga kusurwar da atamfar aurenmu take. Na yi kamar taƙi ɗaya, sai na ga ɗinkin ya saki, na ja don ya kama. Gwaggo, ƙarar da na ji ba zan manta ba. Atamfar ta tsage a bin zaren, tsawon tafin hannuna. Zaren kuwa ko gezau. Amariya ta ce, "To ai yadin ne ya ruɓe." Da ta fita na ninke shi na yi kuka.

Wannan atamfar ba ni da sauranta ko'ina. Zanen ya ƙare tun Khairiya na goye, ashe shi ya ɓoye ƙyallen.

Ban sake sa allura ba. Amma garin yi na soke yatsa, jini ya ɗiga a farin bayan wuri biyu, ga kuma warin man nan. Tunda ɗinki ya fi ƙarfina, ko wanki in yi masa in adana shi da tsabta. Ranar Asabar in rana ta fito zan jiƙa shi a babban baho da ruwan ɗumi, Amariya ta ce ya fi fitar da jini.

Mijinta Tijjani zai zo Dapaong sayen zabi ranar Juma'a, shi na ba wannan. Ko layi ɗaya ne ki sa a rubuto mini, in san ba fushi kike ba.

'Yarki,
Rahinatou


Kpangalam, Sokodé
8 ga Oktoba, 2023

Gwaggona,

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi. Bari in gaya miki yadda aka yi, don na san kin yini da fargaba jiya.

Da hantsi na ɗora ruwa, na juye a baho a tsakar gida, na kaɗa sabulu. Na ɗauko bargon, na yi bisimilla, na saki kusurwa ɗaya a ruwa. Sai na ji babur ya tsaya a ƙofa da ƙarfi, wani na ihu tun daga waje: "Kar a jiƙa! Kar a jiƙa!" Na zaci gobara ce. Na fizge bargon na rungume. Awudu ne, a bayan ɗan zemijan, wato ɗan acaba, takalminsa ƙafa ɗaya. Ya tsaya a zaure yana haki, ya miƙo takarda ta bayan labule, duk ta yi baƙi da man inji.

Na ce, "Malam Awudu, lafiya?"

Ya ce, "Ina fa lafiya, Hajiya Azara ta kusa fasa mini kunne a waya. Ita ba ta jin abin da nake faɗa, ni kuwa ina jin nata har unguwa na ji."

Ashe daga Cinkassé an tura shi Ouagadougou, can motar ta lalace, ya dawo Sokodé kwana biyar da suka wuce da takardarki a ƙarƙashin kujera. Ya ce da Tijjani ya kai miki takardata, Memounatou ta fara kiran lambar ɗanki, don ita kaɗai kuke da ita, aka ce a kashe take, sannan kuka kira shi Awudun. Na rubuta miki tawa lambar a ƙasa. Amariya ta leƙo ta katanga ta ce masa, "Kai da an ba ka saƙon haihuwa, sai yaron ya yi gemu." Ya ce ita ma ya ji labarin saniyarta.

Kusurwar da ta shiga ruwa ta yi ja kamar faɗin tafi a farin bayan. Iyakarta ke nan. Da na duba ruwan bahon na ga ya fara sauya launi daga wannan ɗan tsomawar, sai na zauna a ƙasa.

Na karanta takardarki sau uku. Sannan na shimfiɗa tabarma a inuwar mangwaro, na baza bargon, na durƙusa na sa yatsa a farkon jan zaren. Dogo biyu, gajere ɗaya. Dogo biyu, gajere ɗaya. Na bi layin farko har ƙarshe, na koma na biyu. Layi goma sha bakwai ne. Na ce bari in bi duka, kada in yi wa kaina ƙarya. Har aka kira azahar ina bi. Gwaggo, ko wuri ɗaya bai ɓata ba. Layin ƙarshe, inda allurarsa take soke har yanzu, shi ma haka.

Ban san yadda zan faɗa miki ba. Tun ranar da ya faɗi, jiya ne na fara cin abinci na ji ɗanɗanonsa. Hannunsa lafiya yake. Kwanansa ne ya ƙare, ba wani abin da ya ɓoye mini sai bargon.

Saura tsagar da na yi. In tana gyaruwa ki gaya mini. Ba zan taɓa komai ba sai na ji daga gare ki, ko Amariya za ta kwana tana magana.

'Yarki,
Rahinatou


Dapaong
14 ga Oktoba, 2023

'Yata Rahinatou,

Wa alaikumus salam. Mun gode Allah. Ni fushi da ke? Fushina na Awudu ne, kuma ya karɓi rabonsa. Memounatou ta ce in daina zaginsa tunda ya biya zemijan da kansa. Na ce ta rubuta abin da aka sa ta.

Dama na san abin da za ki samu, amma gara da kika gani da idonki.

Tsagar tana gyaruwa. Ki fara warware zaren robar nan a hankali da bakin allura, kada ki ja. Ki nemi tsohon ɗankwalinki mai laushi, wanda ya sha wanki, ki yanko ki zura ta ƙarƙashin tsagar, ki haɗa bakin biyu a kansa da ƙananan ɗinki. Kada ki sa sabon yadi, zai ja tsohon. Tabo zai nuna kaɗan. Ba komai.

A ƙunshin nan akwai kwarkwaron zaren auduga uku, ruwan toka. Na zaɓi toka don yana ɓacewa a kan kowane launi. Akwai allura huɗu da guntun kakin zuma. Ki yanki zare kamu ɗaya, daga yatsa zuwa gwiwar hannu, kada ki yi kwaɗayin dogo, sarƙewa zai yi. Ki ja shi a kan kakin sau biyu kafin ki fara. Daga tsakiyar bargo ake farawa a nufi baki. Ki ja har zaren ya kwanta, ki tsaya nan. Layinki na farko zai yi muni, na kowa haka yake.

Jinin yatsarki ruwan sanyi ke fitar da shi, ba na ɗumi ba, kuma sai bayan kin gama. Jan kusurwar ki gwada lemun tsami, ban yi miki alkawari ba.

Sai abu na ƙarshe, na san shi zai yi miki wuya. Duk inda ɗinkinki ya kama, sai ki zare jan da ke wurin. Duka za ki cire, in ba haka ba bargon ba zai taɓa ganin ruwa ba. Kada ki ji kamar kina tsige hannunsa ne. Don a cire ya sa shi. Ki duba bakin kowane layi, za ki ga bai ƙulla ba, ya bar jela don mai zarewa ya samu abin kamawa. Kuma kada ki zubar, mu nan naɗe shi muke yi, zaren riƙo yana aiki sau uku ko huɗu.

Gwaggonki,
Azara


Kpangalam, Sokodé
9 ga Disamba, 2023

Gwaggona,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina gaida Memounatou mai haƙurin rubutu. An ce sanyi ya fara a wurinku, ki riƙa rufe ƙafar. Na fita takaba ranar Talata. Bargon kuma na gama shi saura kwana uku in fita.

Layina na farko ya yi muni kamar yadda kika ce, na biyu ma haka. Wajen na goma yatsana ya gane hanya. Amariya da kanta ta dawo tana ja mini zare a kan kaki, tana cewa ita dama tun farko ba ta yarda da na robar ba. Tsagar atamfar ta kama, na sa mata ɗankwalin da na fi so a ƙarƙashi. Jan kusurwar bai fita da lemun ba, ya dai dushe. Na bar shi.

Layi goma sha shida na zare ba tare da na tsaya ba. Na ƙarshen, mai allurarsa, na yi mako guda ina kewaye shi. Na gama ɗinkin wurin, ba abin da yake riƙewa kuma, amma in na kai hannu sai in fasa. Ranar Asabar da safe na zauna, na cire allurar na soke a ɗankwalina, na nemi jelar. Tana nan inda kika ce. Na ja a hankali, ya taho gaba ɗaya bai tsinke ba, bai kama ko'ina ba. Na yi masa addu'a. Sannan na wanke bargon da ruwan sanyi, na shanya, ruwan ya fita fari tas. Da shi nake rufa yanzu.

Ga wani labari. Khairiya na da ciki, wata biyar. Na tattara ragowar ƙyallayen da ke akwatin, na haɗa fuskar ɗan ƙaramin bargo. Ba ta miƙe sosai ba, amma ta haɗu. Jiya na shimfiɗa ukun na yi riƙo da jan zarensa da na naɗe, da allurarsa. Ya isa, har da saura kaɗan. Dogo biyu, gajere ɗaya nake ta faɗa a baki, duk da haka ina jin na ɓata a wuri biyu ko uku.

Ba zan fara na gaske ba sai kin ƙirga. Wannan karon ba Awudu zan ba ba. Ranar Alhamis in Allah ya yarda zan shigo motar safe da kaina, da shi a jaka. In kin samu kuskure, ga kaina nan, ki yi rankwashin.

'Yarki,
Rahinatou